Daga Berlin Zuwa Mai Wurno: Tsohon Labari A Sabon Dandali

 Yau daga nesa za mu ɗauko zancen, amma ku yi haƙuri, a ƙofar gidanku zai sauka.

A watan Yuni na 1821, abubuwa biyu sun faru. A Sinnar, rundunar Isma'il Basha ɗan Muhammadu Ali na Masar ta shiga gari, Sarki Badi ya miƙa wuya, daular Funj ta zo ƙarshe. A Berlin kuwa, ranar 18 ga wannan watan, aka fara nuna wani wasan kwaikwayo na waƙa, irin wanda Turawa ke kira opera, mai suna Der Freischütz. Carl Maria von Weber ne ya tsara kiɗansa. Lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya cika shekara huɗu a gadon mulkin Sakkwato.

Labarin wasan ba wani baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Wani saurayi ne maharbi, Max, yana son Agathe, 'yar shugaban masu gadin daji. Sharaɗin auren shi ne ya ci gasar harbi, shi kuwa hannunsa ya daina sa'a. Sai wani abokin aikinsa, Kaspar, ya ja shi wani kwari da tsakar dare, suka ƙera harsashi bakwai da taimakon shaiɗani. Shida za su sami duk abin da maharbi ya nufa, na bakwai kuma na shaiɗanin ne, shi zai kai shi inda ya so. Ka ga ai labarin tsafi ne da kwaɗayi, da nadama a ƙarshe. Tatsuniyar ƙauye ce aka sa wa kiɗa.

To, abin lura shi ne, shekara ɗari biyu ke nan Jamusawa da maƙwabtansu ba su bar wasan ya kwanta ba. A 2024, a garin Bregenz na Ostiriya, wani mai shirya wasa, Philipp Stölzl, ya sake ɗora shi a dandalin da ke kan tafki. Ya gina ƙauye mai sanyi wanda ruwa ya ci rabinsa, ya sake wa 'yan wasa maganganu, ya bai wa shaiɗanin aikin mai ba da labari. Wasu sun yaba, wasu sun ce an taɓa musu kayan gado. Amma wannan gardamar ita ce alamar wasan yana da rai. Abin da aka manta da shi, wa zai yi gardama a kansa?

Kada ka ce wannan al'adar Turawa ce kawai. Mu ma mun taɓa yi. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar tun yana malamin makaranta, aka buga shi a 1934. Labarin yaron da aka sace, ya faɗa bauta, aka ƙetara hamada da shi, mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu bayi. Bayan shekara arba'in, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da littafin wasan dandali. A 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim. Daga nan fim ɗin ya yi ɓatan dabo, tsara guda ta tashi ba ta gan shi ba. Sai da aka tono shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka haska shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Ka ji ikon Allah: birnin da ya riƙe nasa wasan tun 1821, shi ya taya mu tsince namu.

Yanzu mu dawo gida. Wane labari ne ke hannunku, ku Hausawa da Fulanin Sudan, wanda ya cancanci a riƙa sake fito da shi?

A watan Maris na 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya kama hanyar gabas da niyyar hijira. Manoma suka bar gonaki, malamai suka ɗaure littattafai, mata da goyo suka bi shi. A Burmi aka tare su, ranar 27 ga Yuli, aka kashe Sarkin Musulmi da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a, suka yi ta tafiya har bakin Nilul Azraƙ, kudu da Sinnar, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har gobe. Kafin su ma akwai mahajjata masu tafiyar ƙasa, waɗanda ke yada zango su yi noma su nemi guzuri, wasu su wuce Sawakin su hau jirgin ruwa, wasu kuma zangon ya zame musu gida. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, aka buɗe noman auduga a Jazira, guminsu na cikin abin da ya raya hawasha, ko da yake da yawansu a kambo suka ƙare, suna noma ƙasar da ba tasu ba.

Tsakani da Allah, wannan bai fi labarin harsashi bakwai nauyi ba? Akwai sarki da ya zaɓi barin gadon mulki. Akwai ɗa da ya ɗauki amanar jama'a bayan an kashe uba. Akwai uwa da ta binne ɗanta a hanya ta tashi ta ci gaba. Marubucin Nijeriya Ahmed Yerima ya yi wasa mai suna Attahiru, amma da Turanci ne, kuma hankalinsa na kan Sakkwato da Burmi. Abin da ya biyo bayan Burmi, a bakin tsofaffinku yake.

Ga dalilin da ya sa zancen ya zama na gaggawa. A Yulin 2022, rikici ya ɓarke a Damazin da Rusairis, aka yi asarar rayuka, dubban Hausawa suka bar gidajensu. Tushen rigimar ƙasa ce da sarauta, da tsohuwar maganar nan cewa ku baƙi ne. Sai kuma yaƙin da ya tashi a Afrilun 2023, wanda ya iso Wad Madani a Disamba na wannan shekarar, ya watsa ƙauyuka. Tsohon da ya ji labari daga bakin kakansa, yau yana sansanin gudun hijira, jikokinsa kuma Larabci ya fi musu sauƙi a baki. In ya rasu bai faɗa ba, wa zai amsa wa mai cewa jiya kuka zo?

Na san wani dattijo zai ce bai dace yaro ya ɗaura rawani ya fito a matsayin Sarkin Musulmi ba. Maganarsa abin dubawa ce, kuma da hanyar bi. Ana iya barin sarki a bayan labule, a ji labarin daga bakin mai jan raƙumi, ko matar da ke dakan gero a zango. Ba sai an gina dandali a kan tafki ba. Tashe da yara ke yi cikin azumi ai wasan kwaikwayo ne, tsakar gida da fitila sun ishe shi. Wasan rediyo kuwa murya kaɗai yake buƙata.

Saboda haka, ɗan'uwa, in akwai tsoho ko tsohuwa kusa da kai, zauna ka gaishe su, ka buɗe wayarka ka naɗi abin da suka sani: ta ina kakanni suka biyo, shekara nawa suka yi a hanya, wa ya fara haƙa rijiya a ƙauyen. Malaman makaranta ku rubuta, matasa ku raba wa juna baki ku gwada, da Hausa ko Fulatanci ko Larabci. In wani ya ce ba haka aka yi ba, madalla, ya kawo nasa.

Allah ya ba Sudan zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba.