Dillanci da Tallan Haja a Ƙasar Tasawa

Tun kafin kamfanoni su zo da takardun talla, kasuwannin ƙasar Tasawa da Mayahi suna da nasu tsarin gabatar da haja ga mai saye, kuma dillali ne ke riƙe da ragamarsa. A wancan zamani Tasawa tana kan hanyar ayarin da ke gangarowa daga Azbin zuwa Katsina da Kano. Sa'ad da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa ta a watan Janairun 1851, ya iske ta gari ne na hada-hadar ciniki. Buzaye na sauke gishiri, fatake na kawo tufafi, manoma na fito da gero. Baƙon da ya zo da kaya bai san kowa ba, kowa bai san shi ba, saboda haka yakan sauka gidan fatoma, wanda zai adana masa kaya ya kuma haɗa shi da dillali.

Dillali ba ya fara magana da kuɗi. Gaisuwa ce farko, mai tsawo, a tambayi gida da iyali da gajiyar hanya, kuma a cikinta yake auna buƙatar mai saye da ƙarfin aljihunsa. Daga nan sai ya gabatar da mai kaya: mutumin ina ne, ɗan wane ne, wa ya tsaya masa. Sai an natsu da mutum ake juyawa ga haja. A kara, akan buɗe bakin sa a duba haƙora, a kora shi ya yi taku a gani. In turmin yadi ne, a warware shi a rana, mai saye ya murza da hannunsa. Dillalin kirki yakan faɗi aibin haja da bakinsa, domin shari'ar Musulunci ta bai wa mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa, kuma wanda aka kama da rufa-rufa kasuwa ba ta mantawa da shi. Wannan gaskiyar ita ce jarinsa na ainihi. Bayan duk wannan ne mai saye zai taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ƙari har a ji ya ce ya sallama, dillali ya karɓi la'adarsa.

Zuwan Faransawa ya sauya haja, amma bai ture tsarin ba. A kusa da garin Maijirgi na ƙasar Tasawa ne rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine, wadda ta ƙona garuruwa ta kashe jama'a, ta rasa shugabanninta biyu a watan Yulin 1899. Bayan mulkin mallaka ya zauna, gyaɗa ta zama babbar haja, kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna a Maradi. Turawan ba su iya shawo kan manomi da kansu ba. Dole suka riƙa bai wa ƴan kasuwar gida kuɗi a gaba, su kuma su bi kasuwannin ƙauye da sikeli suna saye da sunan da aka san su da shi. A 1962 gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONARA ta karɓi cinikin gyaɗa, sannan farin farkon shekarun 1970 ya durƙusar da nomanta. Alhazan Maradi suka karkata ga fatauci da Najeriya, inda ake ba da kaya masu yawa bashi bisa amana da sanayya.

A yau talla ta koma gidajen rediyo da wayoyin salula, wakilan kamfanoni kuma suna zuwa da kwamfuta da majigi su yi wa ƙungiyoyin manoma bayani. Amma har yanzu wanda ya fara da farashi kafin a san ko shi wane ne, da wuya a saurare shi har ƙarshe. A ƙauyuka, mai tallan taki ko irin shuka yakan fara sauka ƙofar mai gari kafin ya kwance kayansa a gaban jama'a.