Tace ruwa da zafin rana

Tace ruwa da zafin rana hanya ce ta samar da ruwan sha daga ruwan teku, ruwan zartsi ko gurɓataccen ruwa. Ana zuba ruwan a kasko mai baƙin fenti, a rufe shi da gilashi a karkace. Rana tana dumama ruwan ya zama tururi, tururin ya taru a jikin gilashin kamar raɓa, sannan ya gangara cikin kwata zuwa mazubi. Gishiri, laka da ƙwayoyin cuta suna zama a kasko. Sinadarai masu saurin tashi, irin su fetur, suna iya bin tururin.

Tarihi

An gina babbar matata irin wannan ta farko a 1872 a Las Salinas da ke arewacin Chile, bisa tsarin injiniya ɗan Siwidin Charles Wilson. Faɗinta ya kai kusan murabba'in mita 4,700, tana ba da fiye da lita 20,000 a yini ga masu haƙar ma'adinai da dabbobinsu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Maria Telkes ta ƙirƙiro ƙaramar matata da ake hura wa iska domin waɗanda jirginsu ya nutse a teku.

Hanyoyin ingantawa

Babban rauninta shi ne ƙarancin ruwan da take bayarwa: lita 2 zuwa 5 a yini daga kowane murabba'in mita. Yawancin zafin yana salwanta ta ƙasan kasko da ta gilashi. Gyara mafi arha shi ne rage zurfin ruwan, domin ruwa kaɗan ya fi saurin ɗaukar zafi, da kuma lulluɓe kaskon da abin da ke riƙe ɗumi. Wasu suna shimfiɗa baƙin ƙyalle ya riƙa jan ruwa kamar lagwani, ko su kafa madubai su ƙaro haske. Duwatsu ko kakin kyandir a ƙasan kasko suna adana zafi, aikin ya ci gaba bayan faɗuwar rana. Ƙura tana tare haske, don haka sai an riƙa goge gilashin.

Ci gaban da ya fi muhimmanci shi ne matata mai hawa-hawa, inda zafin da tururi ya saki a hawa ɗaya yake dumama ruwan hawa na gaba. A 2020 masu bincike daga MIT da Jami'ar Shanghai Jiao Tong sun gwada mai hawa 10 da ta ba da kusan lita 5.8 a awa ɗaya daga kowane murabba'in mita. Taruwar gishiri, wadda ke toshe ƙyallen, tana cikin matsalolin da ake ci gaba da bincike a kansu.