Fam biyu: na bakin su Kaka da na Ingila

  Mu a nan Ingila lafiya lau, sai sanyi da kuma aikin bincike da ya sa ni gaba. Kusan duk wanda ya bugo mini waya daga gida sai ya tambaye ni nawa fam yake a yau. Shi ya sa na ga gara wasiƙar wannan karon ta tsaya kan tarihin naira da fam, don mu ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Har gobe a kasuwannin ƙauye da wajen tsofaffi, idan aka ce fam ɗaya naira 2 ake nufi, idan aka ce jaka ɗaya naira 200 ce. Wannan lissafi yana da asali. A shekarar 1912 Turawan mulkin mallaka suka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda take buga wa Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya kuɗi iri ɗaya. Fam ɗinmu na lokacin daidai yake da na Ingila, domin duk kuɗin da aka fitar akwai madadinsa a ajiye a Landan. A zamanin ne su sule da sisi da taro da kwabo da anini suka zauna a bakin Bahaushe, wuri kuma ya ja baya. Sule 20 ne fam ɗaya, kwabo 12 ne sule ɗaya, fam 100 kuma jaka guda.

A 1959 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki, ya fito da fam na Najeriya, shi ma kan-kan-kan da na Ingila. Rabuwar farko ta zo a watan Nuwamba na 1967, kuma abin da zai ba ku mamaki, Ingila ce ta gaza. Gwamnatin Harold Wilson ta karya darajar fam daga dalar Amurka 2.80 zuwa 2.40. Najeriya, duk da tana tsakiyar yaƙin basasa, ta ƙi bin sahu. Daga nan fam ɗinmu ya ɗara nasu.

A 1971 Ingila ta bar lissafin sule ta raba fam gida 100. Mu kuma ranar 1 ga Janairun 1973, zamanin Janar Gowon, aka fito da naira da kobo. Naira 1 sule 10 ce, wato naira 2 fam ɗaya. To ga inda lissafin su Kaka ya samo asali. Kuɗin man fetur na ta shigowa a shekarun nan, har a 1980 dalar Amurka ba ta kai kobo 60 ba a farashin gwamnati, fam ɗin Ingila kuwa bai kai naira ɗaya da rabi ba. Ingila a lokacin ba ta daɗe da fita daga matsi ba, don a 1976 sai da ta je neman bashi wajen Asusun Ba da Lamuni na Duniya.

Me ya juya lamarin? Ƙarfin naira na wancan lokaci a kan abu guda ya dogara. Mai ne yake kawo kusan kashi 90 cikin 100 na kuɗin da muke samu daga waje, gyaɗa da auduga da koko an yi watsi da su, abinci da kayan masana'antu kuma sai an shigo da su. Gangar mai da ta haura dala 35 a 1980 ta faɗi ƙasa da dala 15 a 1986. A watan Satumba na shekarar, gwamnatin Janar Babangida ta fara gwanjon kuɗin waje a ƙarƙashin shirin SAP, nan take dala ta haura naira 4.

Daga nan sai abu ɗaya ya riƙa maimaita kansa. Gwamnati ta tsayar da farashi, kasuwar bayan fage ta tsere mata, sannan a wayi gari a saki. Zamanin Abaca dala tana naira 22 a hukumance, a Wapa kuwa tana wajen naira 80. A watan Yunin 2016 ta tashi daga kusan 200 zuwa kusan 280. A watan Yunin 2023 gwamnatin Tinubu ta haɗe farashin, kuma a cikin 2024 dala ta wuce naira 1,500, fam ya wuce 2,000. Ku duba fa: fam na bakin su Kaka naira 2, na Ingila a 2024 naira dubu biyu. Ninki dubu cikin shekara hamsin da ɗaya.

Shi ma fam ɗin ya sha ƙasa. A 1992 ya fice daga tsarin canjin kuɗi na Turai ba shiri, a 2016 ya faɗi bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai, a Satumbar 2022 kuma saura ƙiris ya yi daidai da dala. Bambancin shi ne Ingila tana sayar wa duniya abubuwa iri-iri, har da karatun da ya kawo ni nan, kuma hauhawar farashinta ba ta kama ƙafar tamu ba. Kuɗin da ke zagwanyewa a gida ba zai yi daraja a waje ba.

Saboda haka abu biyu nake roƙo. Masu shirin turo yara karatu, ku yi lissafi da fam, kada ku yi da naira. A 2024 na san ɗalibai da suka zo da kuɗin shekara cif a asusun gida, kafin zangon karatu na biyu ya koma rabi, wasu dole suka koma. Na biyu, idan kun ji an ce ɗalibi yana samun fam kaza, kada ku buga shi da farashin naira. Da fam nake biyan haya, da fam nake hawa bas.

A gaida kowa da kowa, a ci gaba da sa mu a addu'a. Sai wasiƙa ta gaba in Allah Ya yarda.