Gandun Dajin Kamuku: Tarihinsa da abin da ya ƙunsa

Gandun Dajin Kamuku yana cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari a yammacin Jihar Kaduna, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,121. An keɓe shi a zamanin En'e a 1936, daga baya ya zama gandun namun daji na jiha, sannan Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a watan Mayun 1999. Sunansa ya samo asali ne daga ƙabilar Kamuku.

Doka da maje da kaɗanya da ɗorawa na cikin manyan itatuwansa. An san shi da giwa, gwanki, kanki, gada da gwaggon biri, tare da tsuntsaye aƙalla iri 177. Wuraren da masu yawon buɗe ido suka fi nufa su ne magangarar Dogon Ruwa, Goron Dutse da Tsaunin Rema.

Duwatsun Kamuku tsofaffi ne masu tauri, irin waɗanda ba sa adana ƙasusuwan halittun da suka shuɗe. Ana samun irin waɗannan ƙasusuwa ne a Jihar Sakkwato, inda wata dabbar teku da aka tono ta ci sunan garin Goronyo.

Babbar barazanar gandun ita ce rashin tsaro. 'Yan bindiga sun daɗe suna fakewa a cikinsa da kuma dajin Kuyambana na Zamfara da ke maƙwabtaka da shi, lamarin da ya kori baƙi, ya kuma buɗe ƙofar farauta da sare itatuwa ba bisa ƙa'ida ba.