Asalin Sunan Spinach, Daga Farisa Zuwa Ingila

Wanda duk ya ji Bature ya ambaci spinach, wato ganyen nan mai taushi da wasunmu ke ɗauka alayyafo ne alhali kuwa jinsinsu dabam, sai ya zaci a Ingila aka haifi kalmar. Amma malaman lugga sun tabbatar baƙuwa ce, wadda ta yi ƙarnoni a bakin Musulmi kafin ta kai ga Turawa.

Tushen ganyen yana Farisa, inda ake ce masa aspanakh. Daga can ya gangara gabas, har aka kai shi Sin daga Nepal a shekarar 647, mutanen Sin kuwa suka laƙaba masa suna ganyen Farisa. Larabawa da suka karɓe shi suka ce isfanakh. Likitan nan Ar-Razi ya ambace shi cikin littattafansa na ɗibbu, kuma sa'ad da manoman Andalus, waɗanda Allah ya hore wa hikimar jan ruwa zuwa lambuna, suka rungume shi, sai Ibnul Awwam na Ishbiliya ya yi bayanin nomansa a Kitabul Filaha cikin ƙarni na 12. Ta wannan ƙofa sunan ya shiga bakin Nasara: Sifaniyawa suka ce espinaca, Faransawan dauri kuma suka ce espinache.

A nan ne aka yi wa kalmar rashin adalci, abin da ke damuna ƙwarai. Da yake irin ganyen na dauri yana da ƙayoyi masu sukar yatsa kamar tsidau, wasu marubutan Turai suka jingina sunan ga kalmar Latin spina, ma'ana ƙaya, wasu kuma suka ce daga sunan ƙasar Sifen ya fito; da wannan tawili aka shafe Farisa da Andalus daga nasabarsa zamani mai tsawo.

Ingila kuwa sai a ƙarni na 14 ta san shi, domin yana cikin littafin girki da masu dafa abincin Sarki Richard na biyu suka tsara wajen 1390. Abin da ya sa ya karɓu shi ne yakan nuna a ƙarshen hunturu, lokacin da lambuna ba kome, daidai da azumin Nasara da aka hana su cin nama.