Fari na Allah ne, yunwa fa?

Dattawan kudancin Damagaram, daga Waca zuwa Dungas da Magarya, ba kasafai suke lissafin zamani da lambar shekara ba. Da yunwa suke yi. Kakan wane ya ga Kakalaba, an haifi wance a shekarar Muda, an ɗaura auren su wane ana tsakiyar 'Yar Buhari. Ƙasar da ke ƙidaya tarihinta da shekarun wahala dole ta daɗe tana tambayar dalilin wahalar, kuma amsar da aka fi ji a zaure da ƙofar masallaci ita ce ƙaddara ce, jarrabawa ce, sai haƙuri. Musulmi ba ya musun wannan. Amma wanda ya bi waɗannan shekaru ɗaya bayan ɗaya zai tarar da abin da amsar ba ta ɗauke ba. In ruwan sama ya ɗauke, kowa ya ɗauke wa, basarake da talaka, wannan ƙetaren iyaka da wancan. Mutuwa kuwa zaɓe take yi. Ko fari zai zama yunwa mai kisa, wannan ya danganta da abin da ke cikin rumbu, da wanda ke da ikon buɗe shi, da haraji, da kasuwa, da ko hanya a buɗe take. Duk waɗannan aikin hannun mutum ne.

Waca tsohuwar masarauta ce cikin ƙasashen Sosebaki, 'yar'uwar Mirya da Dungas, kafin Damagaram ta shimfiɗa ikonta a kansu a ƙarni na 19. Ƙasa ce ta jigawa da gero, sai fadamun Korama inda ake rake da rogo da kayan lambu. Manomin wannan wuri bai taɓa ɗaukar damina mai kyau a matsayin alkawari ba, kuma tsarin gidansa shaida ne. Ba sussukakken gero ake zubawa a rumbu ba. Dami ake jerawa da zangarniyarsa, a rumbun da aka ɗora bisa duwatsu don gara da laima, aka kifa masa jinka, domin geron da ke jikin zangarniya kan yi shekaru bai lalace ba. Hatsin gandu daban, na gamana daban. Bayan kaka maigida kan rufe rumbun gandu, ba za a taɓa shi ba sai ruwa ya sauka an shiga noma, lokacin da ciki ke bukatar ƙarfi. A tsakani mata su ciyar da yara daga nasu, samari su tafi cin rani, wanda rabin amfaninsa kuɗin da za a kawo ne, rabin kuma bakin da aka rage wa tukunya. Gidan da ya isa gida yana da rumbun tsimi na shekarar da ba a fata. A saman wannan akwai zakka, da gayya, da aron iri, da abin da talaka ke sa ran sarki zai fitar in abu ya ɓaci.

Mai karatu na iya cewa wannan yabon jiya ne irin na tsofaffi, kuma yana da hujja. An yi yunwa kafin Bature ya zo. Damagaram ta Sarki Tanimu, wanda ya yi doguwar sarautarsa daga 1851 zuwa 1884, ta yi ƙarfi ne da yaƙi da bindigogi da cinikin bayi, kuma ƙauyukan kudu sun ɗanɗana. Harin da ya kwashe majiya ƙarfi ana gab da shuka yunwa ce tun kafin fari. Rumbun sarki ma da gumin talaka aka cika shi. Sai dai wannan suka ba ta rushe maganar ba, ƙarfafa ta ta yi: ko a wancan zamani rabon wahala na bin rabon iko. Bambancin da ke akwai shi ne harajin da ake karɓa da dami yakan ragu in gona ta gaza, kuma hatsin yana nan cikin ƙasa. Ana kuma ba da labarin cewa Tanimun ya kafa doka mai tsanani a kan saran gawo, har da kisa. Ko an ƙara wa labarin gishiri, ya nuna mutanen wurin sun san bishiyar dukiya ce da ta cancanci tsaron sarki.

A 1899 Faransawa suka ci Damagaram bayan karon Tirmini, daga 1911 zuwa 1926 kuma Zinder ce hedikwatar mulkinsu a Nijar. Abubuwa biyu suka sauya lissafin rumbu. Na farko haraji ya koma na tsabar kuɗi, a kan kowane kai, a biya da kaka, ko an samu ko ba a samu ba. Manomi ya zama tilas ya sayar da gero a watan da ya fi araha, ya dawo ya saye shi a watan da ya fi tsada. Na biyu, iyakar da Faransa da Ingila suka shata ta ratsa tsakanin Magarya da Daura, tsakanin Dungas da Gumel, ƙasashen da aure da kasuwa suka daɗe da haɗewa. Da damina ta gaza a 1913, Kakalaba ta tarar da rumbuna ba tsimi. A kudu ma jirgin ƙasa bai daɗe da isa Kano ba, gyaɗa ta fara cin filin hatsi. Mutane dubun dubata suka mutu a ƙasar Hausa, wasu a kan hanya suna neman kudu, ba a kuwa daina neman haraji ba. Bayan yunwar fara ta 1931 a yammacin Nijar, masu mulkin mallaka suka tilasta rumbunan ajiya a ƙauyuka. Dabarar ba ta da aibu a takarda, ai ta kakanni ce. Amma talaka ya tsane ta, don an karɓe hatsinsa da bulala, an ba wani ikon buɗewa. Ajiyar da mai ita ba ya da ta cewa a kanta haraji ce ta biyu.

Bayan 'yancin kai a 1960 gyaɗa ce ta riƙe gwamnati, fiye da rabin abin da Nijar ke fitarwa waje, kuma Magarya da Matamaye na cikin manyan wurarenta. An kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta. Shekarun ruwa ne, kuɗi ya shigo ƙauye, aka sayi kekuna da rediyo, aka daina barin saura ta huta. Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya, 1973 ta zo da fari mai tsanani, sannan cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. A ranar 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma cikin manyan dalilan da sojoji suka bayar akwai yadda aka yi da taimakon abinci. Wato su kansu masu mulki sun yarda cewa yunwa laifi ce da ake tuhumar gwamnati da shi. Ba wanda ya taɓa yin juyin mulki don hadari ya ƙi haɗuwa.

Farin 1984 ya fi na 1973 muni a wurare da yawa, amma mutanen Nijar ba su laƙaba wa shekarar sunan rana ko iska ba. Sunan shugaban Najeriya suka ba ta, 'Yar Buhari. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa tana canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986, a 1985 kuma aka kori baƙi. Ga mutumin Waca ko Dungas wannan na nufin an toshe masa ƙofofi uku a lokaci guda: inda zai sayar da akuyarsa, kamar kasuwar Maigatari, inda zai sayo dawa da garin rogo, da inda ɗansa zai je cin rani. Abin da ya rage sai daji. Mata su tsinko 'ya'yan anza, su ɓare, su jiƙa, suna zubar da ruwan suna sake wani kwana da kwanaki har ɗacin ya fita, sannan a dafa dilo. A yi kwaɗon tafasa da jiga ba ƙuli, a kakkaɓe ƙarangiya don ƙwayarta, a tona gidan tururuwa don ɗan hatsin da ta tara. Wannan ilmi ne, kuma ya ceci rayuka. Amma hukuncin da talakawa suka yanke da sunan nan daidai ne, ruwa ba ya tsami banza.

Shekarar 2005 ce ta fi fito da abin fili. Giɓin hatsin damanar 2004, duk da fari da fara, bai kai kashi goma cikin ɗari na bukatar ƙasa ba. Kasuwanni cike suke. Amma farashin tiyar gero ya ninka, na dabba ya faɗi, 'yan kasuwa suna bin inda ya fi tsada, gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan wasu kayan masarufi har sai da jama'a suka fito zanga-zanga, Shugaba Tanja kuma ya musanta cewa ana yunwa. Yaran da tamowa ta kama suka cika cibiyoyi, kuma ba a arewa mai ƙarancin ruwa suka fi yawa ba, a Maraɗi da kudancin Damagaram ne, inda ake noman hatsin. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya nuna tun 1981 cewa ana mutuwa da yunwa abinci na kasuwa, in mutum ya rasa abin da zai musanya da shi. Manomin nan ya san haka ba tare da littafi ba. Ya ci falle, dami ɗaya a biya biyu da kaka. Da damina yana barema a gonar wani don abin da za a ci yau, tasa gonar ciyawa na cinyewa. Kaka ta zo, mai bashi na tsaye a bakin gona. Talaucin bana ne ke shuka yunwar baɗi.

A nan ne wani zai ɗaga murya ya ce wannan bincike ja da ƙaddara ne. Ba haka malamai suka karantar ba. Annabi Yusufu, da aka sanar da shi shekaru bakwai na fari, tsarin ajiya ya kafa, ya kuma ce a bar hatsi cikin zangarniyarsa, daidai yadda ake yi a rumbunan Waca. A shekarar toka, ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya fita roƙon ruwa, amma ya kuma aika wa gwamnoninsa su turo ayarin abinci, ya jinkirta karɓar zakka, ya dakatar da haddin sata, ya hana kansa nama da mai. Bai ce wa mayunwata su yi haƙuri ya koma gida ba. Haƙuri na wanda masifa ta sama ne, kuma shi ke hana zuciya karyewa ranar da aka binne yaro. Idan mai ɓoye hatsi ko mai riƙe da mulki ne ke wa'azinsa ga wanda ya cuta, ya zama mayafi.

Suka mafi nauyi ita ce ta yawan jama'a. Nijar ba ta kai mutum miliyan huɗu ba a 1960, yau ta haura miliyan 25, kuma Magarya na cikin wuraren da suka fi cunkoso. Gonar kaka an raba ta har ta zama ba ta ciyar da gida wata shida. Wannan gaskiya ne, kuma ba wani rumbun tsimi da zai cika daga gonar da ba ta isa ci ba. Amma a daidai wannan wuri mai cunkoso aka yi abin da ya ba masana mamaki. Dokar daji ta 1935 da wadda ta gaje ta a 1974 sun mai da itace na gwamnati, manomi na tsoron tarar ma'aikatan gandun daji, don haka duk tsiron da ya fito a gonarsa sai ya sare tun yana ƙarami. Bayan 1984, da hannun hukuma ya sassauta, itace ya yi tsada, taki ya gagara, sai manoma suka fara barin tsiron gawo suna yi masa sassabe. Gawo na zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa. Da rani ya yi kore, dabbobi su kwanta ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa suna barin taki. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya ƙiyasta kimanin hekta miliyan ɗaya da ta farfaɗo ta haka a Magarya da Matamaye da Mirya. Ruwan sama ya ɗan kyautatu, ba a musu, amma abin da ya fi sauyawa shi ne manomi ya tabbata bishiyar tasa ce.

Gawo bai kawar da wahala ba. A damanar 2018, wadda ba shekarar babban fari ba ce, ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa kimanin yara goma ke mutuwa kowace rana a sashen yara na Magarya, yawanci zazzaɓin cizon sauro haɗe da tamowa. Lokacin sananne ne, daga Yuli zuwa Oktoba, sa'ad da rumbu ya ƙare sauro ya yi yawa, kowace shekara. An sake rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2019, aka kuma rufe ta a 2023. Abin da ke zuwa a kan lokaci irin haka ba a kiransa ba-zata. Magadan gari da sarakuna da masu hannu da shuni na Waca da Dungas da Magarya su cika bankunan cimaka da kaka, tun tiya na araha, su bar ikon buɗewa a hannun mutanen ƙauyen, a fitar da zakkar hatsi a bakin gona, maganin rigakafin zazzaɓi ya isa kafin ruwa ya zauna. Hukumomin Yamai da Abuja kuma, duk rigimar da za su yi, su bar wa buhun gero da ɗan cin rani hanya.