Yadda Aka Gano Ƙofofin da Yisti Ke Shan Sukari

Tun 1680 Leeuwenhoek ya hango ƙwayoyin yisti ta madubinsa a ƙasar Holan, amma sai a 1837 Schwann da Cagniard-Latour suka nuna cewa halitta ce mai rai. A 1897 Eduard Buchner ya niƙe yisti da yashi, ya matse ruwansa, sai ga ruwan yana juya sukari ya koma barasa ba tare da ƙwaya ko ɗaya mai rai ba. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1907. A ganina nasarar ta zo da illa: hankalin masana ya karkata ga abin da ke cikin ƙwayar, aka ɗauki tantanin da ya lulluɓe ta tamkar ɓawo, alhali shi ke yanke hukuncin abin da zai shiga.

Mai musu zai ce ai tantani rariya ce kawai, ƙarami ya wuce, babba ya tsaya. Masani Overton ya raunana wannan magana tun shekarun 1890, da ya nuna abin da ke narkewa a mai shi ke ratsa tantani cikin sauƙi. Sukari kuwa ba ya narkewa a mai, dole sai ta ƙofofin furotin. Sukarin gulukos yana bin nasa ƙofofin daga inda yake da yawa zuwa inda yake kaɗan, ba a kashe ƙarfi. Maltos fa, sukarin tsirarren hatsi? Shi sai ƙwayar ta biya. Tana ƙona ATP, wato makamashinta, ta tura furoton waje da wani famfo, Pma1, wanda Serrano da Fink da abokin aikinsu suka gano ƙwayar gadonsa a 1986. Furoton ɗin na komowa ciki sai ya jawo maltos tare da shi. Tunanin Peter Mitchell ne na 1961 ya share fagen fahimtar haka. Rariya ba ta tara abu a ciki fiye da yadda yake a waje, yisti kuwa yana yi.

Hujja mafi ƙarfi ta zo bayan an karanta ƙwayoyin gadon yisti kusan 6,000 a 1996. A 1999 ƙungiyar Eckhard Boles a Jamus ta cire ƙwayoyin gado masu gina ƙofofin sukari sama da 20. Kayan sarrafa sukarin da Buchner ya matso suna nan daram, amma yistin ya kasa girma a kan gulukos. Da aka ba shi maltos, wanda ƙofarsa dabam take, ya ci gaba da yaɗuwa.